Li Shizhen, Likitan Da Ya Shekara 27 Yana Tantance Magungunan Ƙasar Sin

Kwanakin baya wata gwaggona ta aiko mini da wani ɗan kwali mai ruwan ganye da ta saya a hannun wani mai tallar magani a tashar mota, tana so in karanta mata abin da aka rubuta a jikinsa, tunda a ganinta duk wanda ya yi digiri uku a kan harshe babu rubutun da zai gagare shi. Rubutun Sinanci ne tun daga sama har ƙasa, ni kuwa ko harafi ɗaya ban sani ba. Mai tallar ya shaida mata cewa shayi ne daga ƙasar Sin, yana maganin hawan jini da ciwon sukari da basir da sanyin ƙashi, kuma wai tun kaka da kakanni Sinawa ke shan sa. Na kai wa wani abokin aikina da ya yi karatu a can, ya jujjuya kwalin ya ce sunan ganye ɗaya kawai ya gani, babu garin da aka noma shi, babu ranar da aka haɗa shi, balle ranar da zai lalace. Na hana ta sha, ta yi fushi da ni na tsawon mako biyu.

Wannan ne ya sa na shiga neman sanin yadda su kansu Sinawa suke bambance maganin gargajiya mai kyau da na jabu, da mai ƙarfi da wanda ya salance. Duk littafin da na buɗe sai ya mayar da ni ga mutum ɗaya, wato Li Shizhen, wanda ya rasu fiye da shekara 430 da suka wuce. Na ga ya dace in kawo wa mai karatu tarihinsa, domin matsalar da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta ita ce dai take cikin kwalin gwaggona.

An haifi Li Shizhen a shekarar 1518 a garin Qizhou da ke bakin kogin Yangtze, a yankin da yanzu ake kira Qichun cikin lardin Hubei, a zamanin daular Ming. Kakansa mai magani ne irin na yawo, mai saɓa jaka yana bi ƙauye ƙauye yana kaɗa ƙararrawa, sana'ar da ba ta da wata daraja a idon masu ilimi na wancan zamani. Mahaifinsa, Li Yanwen, ya ɗan ɗaga martabar gidan, domin likita ne mai karatu, har ya yi rubuce-rubuce a kan saiwar renshen da kuma wani ganye dangin tazargade da garinsu ya yi suna da shi. Duk da haka bai so ɗansa ya gaje shi ba. A ƙasar Sin ta lokacin hanyar ɗaukaka ɗaya ce, mutum ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati ya zama ma'aikacin sarki. Yaron ya haye matakin farko yana ɗan shekara 14, amma da ya je babbar jarrabawar lardi a birnin Wuchang sai ya faɗi, ya sake komawa ya faɗi, ya koma karo na uku ya sake faɗuwa. Yana da kimanin shekara 23 ya haƙura, ya roƙi mahaifinsa ya koya masa magani.

Akwai abin da ya same shi kafin nan wanda da kansa ya ba da labarinsa a littafinsa. Yana ɗan shekara 20 mura ta kama shi ta rikiɗe ta zama tari mai tsanani da zazzaɓi, jikinsa kamar wuta, aka yi ta ba shi magunguna iri-iri ciwo na ƙaruwa, har aka fara fid da rai. Mahaifinsa ya tuna da wata fa'ida da ya karanta a littafin wani likita na dā, ya dafa masa saiwa guda ɗaya tak mai suna huangqin ya ba shi, washegari zazzaɓin ya sauka. Darasin da ya ɗauka shi ne tarin magunguna ba ya amfana wa maras lafiya komai matuƙar ba a dace da wanda ya yi daidai da cutarsa ba.

Sunansa ya fara fita bayan da ya warkar da wasu daga cikin iyalan gidan sarauta. Yariman Chu da ke Wuchang ya ɗauke shi aiki a fadarsa bayan ya yi wa ɗansa magani, kuma masu rubuta tarihinsa sun ce daga nan aka tura shi cibiyar likitocin fadar sarki a Beijing, inda bai daɗe ba ya ajiye aiki ya koma gida. Sarkin lokacin, Jiajing, wanda ya yi mulki daga 1521 zuwa 1567, ya dulmuya cikin neman maganin hana mutuwa, ya tara masu tsibbu a fada suna narka masa duwatsu da ƙarafa. Li ya tsani wannan al'ada ƙwarai. A babin da ya yi a kan zaiba ya ƙaryata magabatan da suka ce shan ta na tsawaita rai, ya nuna cewa mutanen da kwaɗayin tsawon rai ya kai su ga shan ta suka nakasa ko suka mutu ba su ƙirguwa. A ganinsa, in mai tsibbu ya faɗi irin wannan magana babu mamaki, amma littafin magani ba shi da uzurin faɗin ta.

A nan ne damuwarsa ta ainihi take. Sinawa sun daɗe suna da littattafan da suke kira bencao, wato kundin itatuwa da saiwoyin magani. Mafi tsufa, wanda ake danganta wa Shennong, ya ƙunshi magunguna 365. Tao Hongjing, wanda ya rasu a 536, ya ninka su zuwa 730. A shekarar 659 daular Tang ta sa aka wallafa nata kundin da izinin hukuma. Wanda likitoci suka fi dogara da shi a zamanin Li kuwa shi ne na Tang Shenwei, da aka tsara a ƙarshen ƙarni na 11, ya haura shekara 400 ke nan. A tsawon wannan lokaci masu kwafe sun yi kurakurai, masu sharhi sun yi ƙari, an raba tsiro ɗaya an mai da shi biyu saboda yana da suna biyu, an haɗe tsirrai biyu an mai da su ɗaya saboda sun yi tarayya a suna. Likita zai rubuta magani daidai, mai sayar da saiwa ya ba da wani abu dabam, maras lafiya ya sha ya cutu, kuma kowannensu zai iya buɗe littafi ya nuna hujjarsa.

A shekarar 1552 Li ya ɗauki alƙalami da niyyar gyara wannan tuli shi kaɗai, ba tare da umarnin sarki ko kuɗin hukuma ba. Ya nazarci littattafai fiye da 800, waɗanda suka haɗa da na magani da na tarihi da na waƙoƙi da ƙamusoshi da labaran matafiya. Da ya ga littafi ba ya warware gardamar littafi, sai ya fita. Ya hau duwatsun Wudang da Lushan, ya zaga yankunan kudancin kogin Yangtze, sau da yawa tare da ɗansa Jianyuan da almajirinsa Pang Xian, yana tambayar manoma da masunta da maharba da masu saran itace da masu kama macizai. Wata rana a hanyarsa ta dawowa daga Beijing ya lura masu tuƙa amalanke na arewa suna ɗauke da wani tsiro mai yaɗo, ya tambaye su, suka ce idan sun sauka da dare suna dafa shi su sha domin gajiya da ciwon jiki. Ya rubuta wannan a littafinsa, ya kuma ambaci bakin da ya ji shi. A zamanin da malami ke ganin ƙasƙanci ne ya ɗauki ilimi daga ɗan dako, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ya kammala aikin a 1578, bayan shekara 27 da yi masa kwaskwarima sau uku, yana da shekara 60. Ya raɗa masa suna Bencao Gangmu. Littafin ya kasu juzu'i 52, ya ƙunshi magunguna 1,892, daga ciki 374 shi ne ya fara shigar da su kundi, da haɗe-haɗen magani 11,096, da zane-zane fiye da 1,100. Ya watsar da tsohon tsarin da ke kasa magunguna zuwa na sama da na tsakiya da na ƙasa, ya jera su a manyan rukunai 16 da ƙanana 60, ya faro daga ruwa da wuta da ƙasa da ma'adinai, ya bi ta ciyayi da hatsi da kayan lambu da 'ya'yan itace da itatuwa, ya ratsa ƙwari da kifaye da tsuntsaye da dabbobi, ya ƙare da ɗan Adam.

Abin da ya fi jan hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne yadda ya tsara kowane babi. Kafin ya ce komai game da amfanin magani, sai ya fara da bayanin sunansa: wane ne sunansa na asali, waɗanne ne laƙabobinsa a larduna dabam-dabam, me ya sa aka kira shi haka, daga wane harshe kalmar ta shigo. Daga nan sai inda yake fitowa da kamanninsa da lokacin ɗibarsa, sai gyaran kurakuran magabata, sai yadda ake sarrafa shi, sai ɗanɗanonsa da ɗabi'arsa ta zafi ko sanyi da ko yana da guba, sai cututtukan da yake magani, sai nasa sharhin, a ƙarshe haɗe-haɗen da ake yi da shi. Wato a wurinsa tantance magani yana farawa ne daga tantance suna. Ina duba jerin sunayen nan ne na ci karo da huluba, na yi murmushi, domin hulbar nan ce ta ɗakin iyayenmu mata. Kalmar Larabci ce da fatake suka kai gabas har ƙasar Sin, suka kuma kawo ta yamma har ƙasar Hausa.

To, yaya ake gane magani mai kyau a ma'aunin Li? Abu na farko shi ne ƙasar da ya fito. Sinawa suna da kalmar daodi, wadda suke nufin maganin da ya tsiro a mahaifarsa ta asali, inda ƙasa da ruwa da iska suka fi karɓar sa. Li ya rubuta cewa saiwar dihuang ta yankin Huaiqing a lardin Henan ita mutanen zamaninsa suka fi fifitawa, ganyen nan dangin tazargade kuwa na garinsu Qizhou ne ya yi zarra. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurin Bahaushe, wanda ya san albasar wani gari ta fi ta wani yaji, zumar wani daji ta fi ta wani kauri. Binciken zamani ma ya tabbatar da cewa yawan sinadarin da ke cikin tsiro yana sauyawa gwargwadon ƙasa da yanayi da iri.

Na biyu shi ne lokacin ɗiba da tsawon ajiya. Saiwa tana da lokacinta, galibi bayan ganye ya bushe ko kafin ya tofo, fure yana da nasa, ɓawo yana da nasa. Wasu magungunan ɗanyensu ake so, wasu kuwa sai sun kwana biyu, kamar ɓawon lemo da ake ajiyewa shekaru kafin a yi amfani da shi. Na uku shi ne sarrafawa. Saiwar dihuang ɗin nan idan ɗanya ce aikinta dabam, idan aka turara ta aka shanya har sau tara ta yi baƙi aikinta ya sauya. Saiwar fuzi kuwa guba ce mai kisa, sai an jiƙa ta an dafa ta sosai kafin a kusance ta, kuma yau an san dalili, zafi yana wargaza sinadarin dafin da ke cikinta. Har yanzu ana samun waɗanda ke mutuwa a ƙasar Sin saboda shan ta ba tare da cikakkiyar dahuwa ba.

Na huɗu, wanda ya fi shafar mu, shi ne gane algus. Renshen, wadda 'yan kasuwa ke kira ginseng, ita ce sarauniyar saiwoyin Sin, tsadarta kuwa ta sa ta fi kowace shan jabu. Li ya lissafa saiwoyi uku masu kama da ita da mayaudara ke gyarawa su sayar da sunanta, ya kuma bayyana yadda za a bambance su ta jiki da ciki da ɗanɗano. Ya tona asirin wata dabara da ta ɓullo a zamaninsa, inda marasa tsoron Allah ke jiƙa saiwar ta gaske su shanye ruwan, sannan su shanya ta su kai kasuwa. Saiwar ta gaske ce, sunanta na gaske ne, kamanninta ba su sauya ba, amma babu sauran amfani a cikinta. Ya kuma adana wani tsohon gwaji da ya samu a littafin Su Song na ƙarni na 11, inda ake sa mutum biyu su yi gudu na kimanin kilomita biyu, ɗaya da saiwar a bakinsa ɗaya babu, a duba wanda ya fi haki. Gwajin yana da rauni a ma'aunin yau, domin mutum biyu ba su isa hujja ba, amma tunanin kwatanta wanda ya sha da wanda bai sha ba shi ne ginshiƙin gwajin magani har gobe.

Haka ya yi da macijin garinsu mai zanen fari da baƙi, wanda ake busarwa a yi maganin ciwon gaɓoɓi da na fata, har hukuma kan karɓe shi a matsayin gaisuwar sarki. Ya bayyana alamominsa dalla-dalla, zane mai kusurwa huɗu guda 24 a haƙarƙarinsa da dogayen haƙora huɗu, sannan ya faɗi gaskiyar da 'yan kasuwar garinsu ba za su so ji ba, cewa macijin ya yi ƙaranci a Qizhou, waɗanda ake sayarwa da sunan garin daga duwatsun ƙetaren kogi ake kawo su. Saiwar dihuang ana jefa ta a ruwa, wadda ta nutse ita ce mai kyau, wadda ta taso ta sama ba a so. Ido da hanci da harshe da tafin hannu da ƙwaryar ruwa, su ne ɗakin gwajinsa.

Inda ya ga hali, da kansa yake gwadawa. Tao Hongjing ya rubuta cewa dabbar nan mai sulke a jiki, wadda wasu ke kira ɗankunya, tana buɗe ɓawon jikinta ne tururuwa su shiga, sai ta faɗa ruwa su taso ta cinye. Shekara dubu ana maimaita wannan magana. Li ya lura da dabbar, ya ga da harshe take kamun tururuwa, ya kuma fede cikinta ya tarar da su cike da tumbinta. Akwai kuma camfin da ke cewa idan aka tsinki furen zaƙami ana dariya aka jiƙa shi a giya, duk wanda ya sha zai yi ta dariya, idan ana rawa aka tsinka zai yi ta rawa. Ya jarraba, ya gano cewa sai mai sha ya fara buguwa kuma wani a gefe ya soma dariyar ko rawar sannan yake bi. Ya kuma rubuta yadda ake amfani da furen a gusar da hankalin maras lafiya kafin a tsaga masa ƙurji. Mu da muke kiran wannan tsiro haukata yaro mun san ba abin wasa ba ne.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da ke cikin littafin gaskiya ne. Li ɗan zamaninsa ne. Ya bar camfe-camfe da dama yadda ya same su, ya yarda cewa wasu ƙwari daga ruɓaɓɓiyar ciyawa suke samuwa, ya kuma kawo magungunan da babu likitan kirki da zai ba wani a yau. Ɓawon ɗankunyar nan da ya yaba, abu ɗaya ne da farcen ɗan Adam, amma neman sa ya kusa ƙarar da dabbar a Asiya, masu fasa-ƙwauri suka juyo Afirka, har Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fitar da shi. Sai a 2020 hukumomin Sin suka cire shi daga jerin magungunan kundinsu na hukuma.

Ko a fagen suna, inda ya fi ƙwarewa, ya bar baya da ƙura. Ya raba wani tsiro dangin tazargade gida biyu, qinghao da huanghuahao, ya jingina maganin zazzaɓi ga na farko. Masana tsirrai na baya suka ɗora sunan qinghao a kan wani nau'i da ba shi da sinadarin kirki. Da gwamnatin Sin ta kafa shirin neman maganin zazzaɓin cizon sauro a 1967, Tu Youyou da abokan aikinta suka yi ta samun sakamako mai hawa da sauka, har ta koma ga littafin Ge Hong na ƙarni na 4, ta ga ya ce a jiƙa ganyen a matse ruwansa, bai ce a dafa ba. Ta sauya hanyar tatsa zuwa maras zafi, a 1971 aka dace. Aka kuma tabbatar cewa nau'in da ke ɗauke da sinadarin atemisinin shi ne wanda ake kira huanghuahao. Ta sami kyautar Nobel a 2015. Ƙwayoyin zazzaɓin da ake ba 'ya'yanmu a asibiti yau daga wannan ganye asalinsu yake, kuma abin da ya tsaya tsakanin ganyen da maganin shi ne sanin ainihin nau'i da sanin hanyar sarrafawa, abubuwa biyun da Li ya ce a fara da su.

Misali mafi muni ya faru ne a Beljiyam a farkon shekarun 1990. Wani asibitin rage ƙiba a birnin Brussels yana ba mata wani haɗi da ya kamata ya ƙunshi saiwar han fangji, sai aka kawo guang fangji a madadinta. Rabin suna ɗaya ne, tsirran kuwa ba dangi ba ne, na biyun yana ɗauke da gubar da ke lalata ƙoda. Mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda, da yawa sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya suka kamu da ciwon daji na mafitsara. Hukumomin Sin sun haramta guang fangji a 2004. Idan ɗalibaina suka tambaye ni amfanin nazarin sunaye, wannan labari nake ba su.

Mu koma ga Li. Gama littafi dabam, buga shi dabam. A lokacin sai an sassaƙa kowane shafi a kan allon katako, littafi mai haruffa kusan miliyan biyu kuwa babu maɗaba'ar da ke son ɗaukar nauyinsa. Ya shafe fiye da shekara goma yana nema. Ya je wurin Wang Shizhen, babban marubucin zamanin, ya roƙe shi gabatarwa, bai samu ba sai a 1590. Da wannan ne wani mai maɗaba'a a Nanjing, Hu Chenglong, ya yarda ya fara sassaƙa. 'Ya'yansa da jikokinsa suka yi aikin dubawa da zane. Li ya rasu a 1593 yana da shekara 75, aka binne shi a bakin tafkin Yuhu kusa da garinsu. Littafin bai fita kasuwa ba sai 1596. Ɗansa Jianyuan ya kai wa sarki Wanli kwafi tare da wasiyyar mahaifinsa, yana fatan hukuma ta ɗauki nauyin yaɗa shi, fada ta karɓa ta ce a ajiye, magana ta ƙare a nan.

Jama'a ne suka raya shi. An sake buga shi a lardin Jiangxi a 1603, a 1607 malamin nan na Japan Hayashi Razan ya sami kwafi a Nagasaki ya miƙa wa shugaba Tokugawa Ieyasu, ya zama tushen nazarin tsirrai a can na tsawon ƙarni biyu. An fitar da cikakkiyar fassararsa ta Ingilishi a Beijing a 2003, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kundin muhimman rubuce-rubucen duniya a 2011. Yau ƙasar Sin tana da kundin magunguna na hukuma, wanda aka fara fitarwa a 1953 ake kuma sabunta shi lokaci lokaci, inda kowace saiwa take da sunanta na kimiyya da mafi ƙarancin sinadarin da dole a samu a cikinta da iyakar maganin ƙwari da ƙarafa masu guba da aka yarda da su. Na'ura ta karɓi aikin harshe da hanci, har ana duba ƙwayar halittar tsiro a gane nau'insa ko da an niƙe shi gari. Tambayoyin dai na Li ne ba su sauya ba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, kasancewar magani daga ƙasar Sin ba shaidar inganci ba ce, kamar yadda kasancewarsa ganye ba shaidar rashin illa ba ce. Sinawa da kansu ba su taɓa ɗaukar haka ba, in da sun ɗauka da Li bai ɓata shekara 27 ba. Kafin ka kai kwali baki, tambayi sunan abin da ke ciki cikin harshen da kake ji, da inda aka yi shi, da ranar yi da ta lalacewa, da lambar rajistar hukumar NAFDAC. Ka kuma sani cewa lambar da ake ba magungunan gargajiya tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba, ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da mai talla ya lissafa. Wanda ke shan maganin asibiti na hawan jini ko sukari, kada ya ajiye shi ko ya haɗa shi da wani jiƙo sai ya shawarci likitansa. Maganin da aka ce yana warkar da cuta goma sha biyu kuwa, a bar wa mai shi kayansa.

Akwai kuma tsokaci ga mu malaman jami'a. Tun 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga, kuma har yau muna komawa gare shi. Sunan tsiro a Sakkwato ba lalle ya zama shi ne a Haɗeja ko Damagaram ba, suna ɗaya kuma yakan hau kan tsirrai biyu, ga 'yar mai ganye da tsofaffin masu sassaƙe da suka san bambancin suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Aikin yana bukatar masanin harshe da masanin tsirrai da masanin haɗa magunguna su zauna tabarma ɗaya da maharbi da unguwarzoma. Li ya faɗi jarrabawa sau uku, bai sami tallafin kowa ba, bai kuma ga littafinsa a kasuwa ba. Mu da muke da albashi da ɗakunan gwaji, ban san uzurin da za mu kawo ba.

Ita kuwa gwaggona mun shirya. Kwalin yana nan a kan teburina a ofis, ban buɗe shi ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma tsare mu daga sharrin masu algus.